Ƙarar da ba ma ji: tekun Abijan, man Baleine da farantin garba

Duk wanda ya san Gare de Bassam da ke Treichville ya san abin da ake kira hayaniya. Ga odar motoci, ga 'yan kamasho suna kiran fasinjan Bassam da Aboisso da iyakar Noé, ga injinan da ba a kashewa, mai sayar da magani kuma yana can da lasifikarsa. Tashar Ajame kuwa ba a magana. Sai dai ɗan Adam yana da mafita: ya toshe kunne, ya matsa gefe, ko ya bar kunnen ya yi aiki da ido. Kilomita kaɗan daga wannan tasha, bayan mashigar Vridi, akwai halittun Allah da ke cikin tasu hayaniyar dare da rana, kuma su ba su da wannan mafita.

Dalili shi ne, a cikin teku ido ba ya kai wa ko'ina. Hasken rana yana raunana ƙwarai kafin a kai zurfin mita 200. Sauti kuwa yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwan teku, alhali a iska bai wuce mita 340 ba, kuma yana yin nisa sosai kafin ya mutu. Don haka Mahalicci ya sanya rayuwar da yawa daga mazauna teku a kan ji. Da kunne dolfin ke farauta. Da kira babbar dabbar nan mai shayarwa da Faransawa ke ce wa balen take samun abokin barbara, da shi uwa ke riƙe ɗanta kusa da ita. Kifaye ma suna ji, wasunsu har gurnani suke yi lokacin zuba ƙwai don su tara junansu.

Wani zai ce, ina ruwan masallaci da wannan? Amsar tana cikin farantin da ɗalibi da ɗan dako da direban gbaka ke ci kullum. Garba, wato aceke da soyayyen kifin tuna da barkono, sana'a ce da 'yan'uwanmu 'yan Nijar suka yi fice a kanta a Abijan, har aka ce sunan abincin daga sunan masu sayar da shi ya samo asali. Kifin nan daga tashar masunta ta Abijan yake fitowa, wadda ke cikin manyan tashoshin sauke tuna a Afirka, kuma mafi yawansa shi ne wanda ake kira faux thon, wanda kamfanonin gwangwani ba sa ɗauka saboda ƙanƙanta ko rauni. Gidaje nawa ne a Ajame da Treichville, da can gida a Tawa da Maraɗi, ke jiran abin da ke fita daga kaskon mai garba? Duk abin da ya taɓa teku, komai daɗewa zai iso kaskon nan.

Abubuwa biyu ne suka ƙara wa ruwanmu ƙara a 'yan shekarun nan. Na farko tashar jiragen ruwa. Tun da aka buɗe mashigar Vridi a 1950 jirage ke shiga tafkin Ebriye. A 2019 aka kammala faɗaɗa mashigar da ƙara mata zurfi, a ƙarshen 2022 kuma aka buɗe tashar kwantena ta biyu, manyan jiragen da a da ba sa iya shigowa suka fara zuwa. Mafi yawan ƙarar jirgi daga farfelarsa take fitowa: tana juyawa da ƙarfi, kumfa na tasowa yana fashewa, sai a sami ruri mai kauri da ba ya yankewa. A arewa maso gabashin tekun Pasifik, inda aka daɗe ana aunawa, an ga ƙarfin irin wannan ruri yana ninkawa kusan duk shekara goma tun daga shekarun 1960. Kuma a daidai wannan kaurin murya manyan balen ke kiran junansu.

Na biyu shi ne man fetur. A Satumbar 2021 kamfanin Eni na Italiya, tare da Petroci na gwamnati, ya sanar da gano babbar rijiyar mai da gas a cikin teku, a ruwa mai zurfin sama da mita 1,000. An fara haƙo a Agustan 2023, zango na biyu ya biyo baya a ƙarshen 2024, an kuma sanar da gano wata mai suna Calao a Maris na 2024. Sunan da aka raɗa wa rijiyar farko shi ne Baleine, sunan dabbar da ƙarar neman mai ta fi damu. Ikon Allah.

Yadda ake neman mai a teku shi ne, jirgi ya ja jerin bindigogin iska a bayansa, su riƙa sakin matsattsiyar iska lokaci guda duk bayan daƙiƙa 10 zuwa 15. Ƙarar ta ratsa ruwa ta shiga ƙasa, amsa-kuwwar da ta dawo ita ke nuna inda mai yake. Ana yin haka dare da rana, makonni ko watanni. Na'urorin saurare da aka dasa a tsakiyar tekun Atlantika sun ɗauki wannan bugu daga nisan da ya haura kilomita 3,000, kuma gaɓar Afirka ta Yamma na cikin wuraren da yake fitowa.

Abin da bugun ke yi wa kifi an gwada shi a fili. A tekun Barents da ke arewacin Norwe, a wani binciken da aka wallafa a 1996, kamun manyan kifaye iri biyu ya ragu da kusan rabi bayan an fara harba bindigogin. An ga raguwar har nisan mil 18 na teku, kuma kwana biyar bayan an daina kamun bai koma yadda yake ba. Kifin bai mutu ba, guduwa ya yi. To amma ga masunci mai kwale-kwale da ya ci bashin man inji, kifin da ya gudu da wanda ya mutu duk ɗaya ne. A 2017 masu bincike a Tasmaniya ta Ostireliya suka nuna cewa bindiga guda ta ninka mutuwar ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci sau biyu zuwa uku, har nisan kilomita 1.2. A gaɓar arewacin Angola an ga balen masu rera kira suna raguwa idan bugun ya yi ƙarfi. A Madagaska kuwa, a 2008, kimanin dabbobi 100 dangin dolfin suka kutsa cikin tafkin Loza suka maƙale, da yawa suka mutu. Kwamitin masana mai zaman kansa ya bayyana a 2013 cewa abin da ya fi kama da musabbabi shi ne na'urar auna ƙasan teku da sauti da wani jirgin binciken mai ya yi aiki da ita a yankin.

A nan dole mu yi adalci. Ba ƙara ce babbar musibar kifin wannan yanki ba. Kamun da ya wuce kima, da jiragen da ke sata cikin dare, da robobi da dagwalon da ake zubawa a tafkin Ebriye, duk sun riga ta, kuma mafi yawan kifin da ake ci a Kwaddibuwa ma daga waje ake shigo da shi. Haka nan ba ma cikin masu cewa a rufe rijiya ko tasha. Gas ɗin Baleine yana shiga tashoshin wutar lantarki, tashar jirage kuma ita ke ciyar da dubban 'yan dako da direbobi da 'yan kasuwarmu, har da na Mali da Burkina da Nijar. Abin da muke cewa shi ne, ƙara nauyi ce da aka ɗora wa jakin da kaya ya riga ya yi masa yawa, kuma ita ce mafi sauƙin saukewa. Roba tana shekaru aru-aru a ruwa, ƙara kuwa da an kashe inji ta tafi. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, da zirga-zirgar jirage ta ragu a mashigin Fundy na Kanada, an auna an ga ƙarar ta sauka, sinadarin damuwa a jikin balen ɗin wurin shi ma ya sauka. A Bankuba, tun 2017 hukumar tasha ke roƙon jirage su rage gudu a lokacin da dabbobin ke yankin, mafi yawansu kuma suna amsawa.

Amma ba a rage abin da ba a auna ba. Na'urar auna ƙarar ruwa makirfo ce kawai da aka ƙera don ta jure ruwa: a ɗaure ta a ƙasan teku ko a jikin tulun da ke shawagi, ta yi watanni tana naɗa, a ɗauko a karanta. Mafi yawan dogayen bayanan da duniya ke da su daga tekun Amurka da Turai aka tara su. Shi ya sa Tarayyar Turai ta iya kafa iyaka a 2022, cewa ruri mai ɗorewa kada ya wuce kima a fiye da kashi 20 cikin 100 na mazaunin wata halitta. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙa'idojin rage ƙarar jirage tun 2014, ta sabunta su a 2023, sai dai shawara ce, ba dole ba. Ƙasar da ba ta da alƙaluman kanta, da na kamfani za ta yi aiki, alhali shi ne mai ƙarar.

Abijan kuwa ba ta rasa masu yi ba. Cibiyar binciken teku ta CRO tana nan Treichville. Akwai CIAPOL mai sa ido kan gurɓatar muhalli, da ANDE da ke duba rahoton tasirin kowane babban aiki kafin a ba shi izini. Yarjejeniyar kare tekun wannan yanki da aka sa wa hannu a 1981 sunan Abijan take ɗauke da shi, kuma a 2019 an ƙara mata sashe kan ƙa'idojin neman mai da gas a teku. Abin da ya rage shi ne a dasa na'urori na dindindin a bakin Vridi, da gefen kwazazzabon ƙarƙashin ruwa da ake kira Trou sans fond, da yankin kariya na Grand-Béréby, a kuma buga sakamakon inda ɗalibin jami'ar Cocody ko Nangui Abrogoua zai iya karantawa.

Malamanmu sun sha karantar da mu, daga Suratul An'am, cewa dabbobi al'ummu ne kamar mu, kuma Suratur Rum ta ambaci ɓarnar da hannun mutane ke jawowa a tudu da teku. A fiƙihu, ba a yarda mutum ya cutar da maƙwabci da sana'arsa ba ko da sana'ar halal ce, kuma malaman Malikiyya sun tattauna hukuncin hayaƙi da wari da bugun da ke girgiza bangon maƙwabci. Wanda zai amfana da aiki shi ke ɗaukar nauyin kawar da cutarsa. Saboda haka kuɗin aunawa ya kamata ya fito daga masu haƙo, amma ma'aunin ya kasance a hannun wanda ba shi da riba a ciki.

Akwai kuma batun da ya fi tsaya mana a rai. Tun 2023 Kwaddibuwa ke rufe kamun kifi a teku don kifi ya hayayyafa: masu kwale-kwale su ajiye koma a watan Yuli, manyan jirage Yuli da Agusta. Masunci talaka yana haƙura da abincin wata guda, mata masu banda su zauna hannu rabbana. A daidai wannan lokaci ne kuma, daga Yuli zuwa wajen Oktoba, balen ke zuwa mashigin Gini su haihu. Idan an hana mai koma don kifi ya huta, bai dace a bar mai bindigar iska ya yi ta bugu a ruwa ɗaya a wata ɗaya ba. Muna ganin ya kamata a rubuta wannan sharaɗi ƙarara cikin kowane izinin binciken mai da za a bayar nan gaba, kuma ƙungiyoyin masunta da na masu garba su nemi a karanta musu shi a zaman jin ra'ayin jama'a kafin a sa hannu.