Yawan Masu Faɗuwa Ba Shi Ne Ma'aunin Jarumta Ba

Tun daga shekarar 1962 da Amurka ta kafa rundunar zaratan sojojin ruwa da ake kira SEAL, shugabanninta suke alfahari da cewa ba kowa ne ke samun shiga ba. A sansanin Koronado da ke Jihar Kalifoniya ake ba su horo na kimanin mako 24, kuma cikin kowane mutum goma da suka fara, bakwai ko takwas ba sa kai ƙarshe. Akwai wani mako da suke kira Makon Azaba, wanda kurtu zai yi kwana biyar da rabi cikin ruwan sanyi da rairayi, barcinsa duka bai wuce sa'a huɗu ba. Wanda ya gaza sai ya kaɗa ƙararrawa sau uku, ya ajiye hular kwanonsa, ya fita.

Babu mai musun cewa irin wannan aiki yana bukatar tankaɗe da rairaya, gama ba a ƙera irin waɗannan mazaje kamar bulo, ko da kuwa yaƙi ya sa ana neman ƙarinsu. Amma abin da ya faru a watan Fabrairu na 1922 da ɗari, wato 2022, ya isa ishara. Wani kurtu ɗan shekara 24 ya kammala Makon Azaba, bayan 'yan sa'o'i ciwon huhu ya yi ajalinsa. Rahoton binciken da hukumar sojojin ruwa ta fitar a 2023 ya nuna cewa kulawar likitoci ta yi rauni, masu ajiye horo sun haura yadda aka saba, wasu kurata kuma suna shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi a ɓoye. A wannan shekarar ce hukumar ta soma gwajin ƙwayoyi ba zato ba tsammani.

Ashe ke nan idan malami ya mai da yawan masu faɗuwa abin tinƙaho, to horo ya koma azabtarwa. Saurayin da ciwo ya kayar ba rago ba ne, rundunar ce ta yi asararsa. Lalle ne a tsananta tantancewa tun kafin ɗauka, a ba likita ikon dakatar da horo, wanda ya warke kuma a ba shi damar sake gwadawa. Da haka ne runduna za ta cika adadinta ba tare da ta sassauta sharaɗi ko ta salwantar da rai ba.