Ciwon Sukari Ba Ya Hana Ɗalibi Shiga Filin Wasa

A makarantun Talata Mafara da Bakura da Maradun, da zarar an ji yaro yana allurar insulin, wani malamin wasanni kan ajiye shi a gindin bishiya yana kallon 'yan'uwansa. Tausayi ne, amma kuskure ne. Nacho Fernández yana ɗan shekara 12 aka gano yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya, kuma shi ne kyaftin ɗin Real Madrid da ta ci kofin zakarun Turai a 2024.

Haɗarin dai gaskiya ne. Tsoka mai aiki tana zuƙe sukari daga jini, allurar da aka yi kuwa ba ta janyuwa. In awo ya sauka ƙasa da 70, sai karkarwa da gumi da ruɗewa. Maganinsa babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, a sake awo bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa kome, a garzaya asibiti. Haka lamarin yake ga mai taya iyayensa aikin shinkafa a gonakin Bakolori.

Saboda haka a auna kafin a fara, a ci abinci, a yi allura a ciki maimakon cinyar da za ta yi gudu. Abin da aka fi mantawa shi ne dare: sukari kan faɗi sa'o'i bayan wasa, yaro yana barci. Wajibi ne malamin ɗakin kwana ya san wannan.