Filin Lafiyar Iyali: Kada Bulala Ta Riga Tambaya



Idan watannin Maris da Afrilu suka kama, zafin Garwa kan haura digiri 40, mangwaro kuma ya nuna. A lokacin ne yaranmu ke hawan bishiya da katanga, su faɗo, su karkaɗe jiki, su shigo gida shiru saboda tsoron duka. Da dare yaro ya ce kansa na ciwo, ya yi amai, sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, mu aika kanti a sayo magani. Nan haɗarin yake, domin jini kan taru cikin ƙoƙon kai a hankali, alamarsa ba ta bayyana sai bayan sa'o'i.

Saboda haka tambayar farko ita ce: “Ka faɗi yau?” A yi ta cikin lallashi, a kuma tambayi abokan wasansa.

Ƙulu a goshi, in yaro ya yi kuka nan take ya koma wasansa, galibi ba abin tashin hankali ba ne. A ɗora tsumma mai sanyi na minti 15, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. In da ciwo a ba shi farasitamol daidai shekarunsa, ban da asfirin, wanda ke ƙara zubar jini. A sa masa ido kwana biyu.

Amma in ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ya yi ta amai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci ya danne shi har tashinsa ya yi wuya, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, to a garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka ma jaririn da maɗigarsa ta kumbura.

In kuwa bai faɗi ba, amma ga zazzaɓi, ga amai, ga sandarewar wuya, mu tuna rani lokacin sanƙarau ne. Rigakafin da aka yi a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa a 2011 nau'i ɗaya ya tare, sauran suna nan.

Yaron da ya san za a saurare shi kafin a hukunta shi ba ya ɓoye faɗuwa. Horo yana iya jiran gobe, jinin da ke taruwa a ka ba ya jira.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.