Karen Alhaji, Ƙirjin Almajiri

Ranar Asabar na shiga gidan wani maƙwabcina a Kaduna, na tarar da almajirin da ke yi musu aiki durƙushe a bakin famfo, idanu jajur, yana tari kamar ransa zai fita. Wai ɗakin karnuka ne ke zarni, Alhaji ya ce a wanke. Hajiya ta miƙa wa yaro Hypo da Harpic, ta ce ya zuba a bokiti guda don su fi ƙarfi. Ya shiga ɗaki mai taga ɗaya, ba safar hannu, ba takalmi.

Jama'a, wa ya koya mana wannan haɗe-haɗen? Bilic irin Hypo in ya gamu da ruwan wanke masai mai asid irin Harpic, iskar kulorin ce ke tashi, wadda aka kashe sojoji da ita a Beljiyam a 1915. In kuma aka sheƙa shi kan fitsarin da ya kwana, wata iskar mai ƙona ƙirji ce ke fita. Amma mu mun ɗauka in hanci bai yi zafi ba wuri bai tsarkaka ba. A ƙara Izal, a ƙara kananzir, sai ka ce miyar biki ake haɗawa! A jikin robar ma an rubuta kada a haɗa, ba mai karantawa.

Abin kuwa ba wuya. A fitar da kare, a kwashe kashi, a wanke da omo a ɗauraye. Sannan a sirka bilic shi kaɗai, kofi 1 cikin kofi 30 na ruwa, a bar shi minti 10, a sake ɗaurayewa, wuri ya bushe kafin kare ya koma. Ƙofa a buɗe.

Kowa ya haddace hadisin wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki. Madalla. To hadisin da ya hana ɗora wa mai yi maka hidima abin da ya fi ƙarfinsa fa, ba a littafi ɗaya suke ba? Ka keɓe wa kare kwanonsa saboda tsarki, ka tura ɗan mutane cikin guba.

Ga masu share kashin kare su tura kwata, ya gangara lungun da yara ke wasa da ƙasa, alhali ƙwan tsutsar ciki na cikinsa. Ga masu feshe kare da ota-piya-piya saboda kaska, a tsakar gidan da ake shanya tsaki. Ka tambayi takardar rigakafin haukan kare, a yi ta kame-kame, ga Vom nan kusa da Jos ana yin allurar.

Na ce wa Alhaji ya kai yaron asibiti, ya ce a ba shi madara zai warware. Ni na kai shi.