Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Acaɓa: Kada Ku Raina Kuloci

'Yan'uwana 'yan acaɓa, da takwarorinku 'yan kabu-kabu na ƙasar Nijar.

Wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin matasanku ce ta sa na ɗauki alƙalami, wato canza giya ba tare da an kama kuloci ba. Za ka ga yaro bisa Boxer, hannunsa na hagu a kan cinya, yana ta buga giya da ƙafa, abokai na yi masa kirarin gwani. Abin yana yiwuwa, ban musa ba. Roƙona shi ne ku koye shi don ranar larura, kada ku mayar da shi tuƙin kullum.

Ku fara da sanin abin da ke faruwa a cikin inji. Haƙoran giyoyin babur a sarƙe suke da juna a kowane lokaci. Abin da ke motsawa idan kun taka giya wasu 'yan ƙusoshi ne a gefen giyar, waɗanda ke faɗawa cikin ramukan maƙwabciyarta su kulle ta. Muddin inji yana ja, waɗannan ƙusoshi a matse suke, kamar sakatar ƙofar da ake turawa daga waje: ba za ta zare ba sai an sassauta turin. Aikin kuloci ke nan, ya sauke wannan nauyi. Sassauta totur na ƙiftawar ido shi ma yana sauke shi, shi ya sa giya ke shiga ba da kuloci ba.

To, ga yadda ake yi wajen ƙara giya. Babur yana tafe yana ja, ka ɗan ɗora ƙafa a kan giyar ba da ƙarfi ba, ka saki totur kaɗan da sauri, giyar za ta faɗa da kanta, sai ka mayar da wuta. In ka ji tana turjiya ko ta yi ƙara, lokacin bai yi daidai ba, kada ka tilasta mata. Daga uku zuwa huɗu ya fi sauƙi. Daga ɗaya zuwa biyu kuwa tazarar tana da yawa, babur zai fizge, wanda ka goyo shi zai fara ji a bayansa.

Rage giya shi ne inda haɗarin yake. In giya ta shiga alhali gudun inji bai kai na taya ba, tayar baya takan ci birki da kanta. A kan kwalta mai yashi ko jiƙaƙƙiyar hanya lokacin damina, hakan kaɗai ya isa ya kayar da ku, ga mace da goyo a bayanku.

Ɓarnar da ba a gani ita ma tana nan tana taruwa. Duk bugun da bai zo daidai ba yana cin bakin ƙusoshin nan, yana lanƙwasa ƙarfen da ke tura giyar. Alamar farko ita ce giya ta riƙa fita da kanta ta koma firi ana cikin hawan tudu. Gyaran wannan sai an sauke inji an raba shi biyu. Ku kwatanta kuɗinsa, da kwanakin zama ba aiki ga balas yana jira, da kuɗin wayar kuloci ko farantansa. Sauri ya haifi nawa.

Wasu sukan ce ai roba-roba ba ta da kuloci kuma lafiya lau take. Tana da shi, a ciki yake, yana kama kansa yana sakin kansa, tsarin da Honda Super Cub ta shahara da shi tun 1958. Masu tseren babur kuma na'ura gare su da ke yanke wutar inji na ɗan lokaci idan an taɓa giya, ga makanikai da ke buɗe injin a kai a kai. Ku kuwa babur ɗaya ne ke ciyar da gida.

Ranar da dabarar za ta yi muku rana ita ce ranar da wayar kuloci ta tsinke a hanyar ƙauye. Sauke fasinja tukuna. Tayar da babur a firi, tura shi da ƙafa har ya ɗauki tafiya, sannan ka sa ɗaya. Tafi a hankali, ka nemo firi tun kafin inda za ka tsaya, ka nufi bakanike mafi kusa.

Kafin wannan rana ta zo, ku riƙa sa wa wayar mai, ku bar wa ƙarshen hannun kuloci wasa na santimita 1 zuwa 2, ku canza baƙin mai a kan lokaci, ku ajiye sabuwar waya tare da kayan aiki. Manyan cikinku kuma, don Allah ku koya wa yaran da kuke ba babur cewa gwani shi ne wanda fasinjansa bai san sa'ad da aka canza giya ba.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai fatan alheri.