Rogo Ko Gwanda, Wanne Ya Fi Amfani?

Ran Asabar da ta wuce gardama ta kaure tsakaninmu a lambun makaranta. Waɗansu suka ce a sare itatuwan gwandan nan na bakin rijiya a ƙara kunyoyin rogo, wai gwanda kayan marmari ce, ta yara da tsuntsaye, ƙato ba ya ƙoshi da ita. Ni dai ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

Da fari sai mu ba rogo girmansa. Shi da gwanda duka baƙi ne, daga ƙasashen Amurka aka kawo su, amma rogo ya riga ya zama ɗan gari. Ba ya tsoron fari, ya kan kuma zauna cikin ƙasa har shekara biyu yana jiran mai shi, kamar rumbun da ba a gina ba. Masana abinci sun auna, sun ga giram 100 na ɗanyen rogo yana ba da kalori kamar 160, watau ƙarfin yin aiki, na gwanda kuwa 43 kaɗai. Ashe manomin da ya karya da gwanda ita kaɗai, kafin hantsi fartanya za ta gagare shi.

Amma fa cika ciki daban, lafiyar jiki daban. Akwai waɗansu sinadarai da a ke kira bitamin, jiki kaɗan ya ke bukata, in ya rasa kuwa sai cuta. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, yaro ya riƙa lalube da magariba. Rashin bitamin C shi ke sa dasashi jini, miki ya ƙi warkewa. To, farin rogo kusan ba shi da na farin, gwanda nunanna kuwa tana da shi. Na biyun, gwanda tana da miligiram kamar 60 cikin giram 100, rogo 20, wannan ma tafasa da suyar gari su kan cinye da yawa daga ciki. Banda haka, rogo mai ɗaci yana da dafi, sai an fere an jiƙa kwanaki kafin a ci. Shi ya sa masu bincike na Ibadan da Umudike suka fitar da rogo mai ruwan ɗorawa a 2011, don a cike wannan giɓi.

Kada kuma in yi son kai. Dukansu biyu matalauta ne wajen abin da ke gina tsoka. Wannan aikin wake ne, da gyaɗa, da nono. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan'uwana, gobe mu ne za a rarraba ƙauyuka, a danƙa mana 'ya'yan mutane. Abin da malam ya raina, almajiri ba zai girmama ba. In muka sare gwanda yau, da wane baki za mu ce wa yara su shuka ta? Ga ta ba ta da wuya: a dasa ta kusa da inda ruwan alwala ke kwarara, kafin shekara ta zagayo ta fara 'ya'ya.

Saboda haka ina roƙon shugabannin lambu su bar gwandarmu a tsaye, a nema wa rogo fili a bayan ɗakunan kwana. Rogo ya kori yunwa, gwanda ta tsare ido. Allah ya sa mu gane.

Haza wassalam.