Na'urar Likita Ta Rage Surutu

Babu likitan da zai iya karanta duk abin da ake rubutawa a fanninsa. Rumbun PubMed na Amurka kaɗai yana ƙaruwa da maƙala sama da miliyan ɗaya a shekara. Ga sakamakon gwaji, ga magungunan da ba sa ga-maciji da juna, ga marasa lafiya jere a benci tun asuba. Shi ya sa nake goyon bayan kwamfuta ta riƙa tunasar da mu. Tun 1976 Dakta Clement McDonald ya nuna a Indiyanafolis cewa likitoci sun fi yin abin da ya dace idan na'ura ta tuna musu, domin sau da yawa aiki ne ke yi musu yawa har su manta abin da suka sani.

Sai dai ni da na yi aiki da irin waɗannan manhajoji na san inda gizo ke saƙar. Ka rubuta maganin ciwon kai, gargaɗi ya fito. Ka ƙara na tari, wani ya fito. Kafin azahar yatsanka ya saba gogewa tun ido bai karanta ba. A 2013, a asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, an ba wani yaro mai shekara 16 ƙwayar Septra 38 da rabi a lokaci guda, alhali ɗaya ya kamata ya sha. Na'urar ta gargaɗi likita, ta gargaɗi mai haɗa magani, dukansu suka wuce, saboda gargaɗin bai bambanta da tarin waɗanda suke gani kullum ba. Yaron ya kama jijjiga, amma Allah ya yi da sauran kwanansa.

Hanyar da ta fi kwanta mini a rai tana nan kusa. A ƙananan asibitocin Adamawa, ƙungiyar Red Cross ta duniya ta kawo manhajar ALMANACH don duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Tambaya ɗaya take yi a lokaci guda. Yana shan nono? Yana amai? Ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: idan jariri mai wata shida ya kai 50, a yi zargin ciwon huhu. Daga nan ta faɗi ko a ba da magani, ko a tura babban asibiti. Ma'aikaciyar lafiya ba ta nutsewa cikin tarin gargaɗi, uwa kuma tana ganin an duba ɗanta da kyau.

Don haka ina roƙon ma'aikatun lafiya na jihohinmu: kafin ku sa hannu a kwangilar manhaja, ku zaunar da nas-nas da masu haɗa magani su gwada ta. Ku tambaya gargaɗi nawa take fitarwa a yini, wane ne ke da ikon kashe marasa amfani, kuma ko tana aiki idan babu wuta ko intanet. Wadda ta kasa amsa waɗannan, kada a kashe mata ko kwabo.